Samaru: Yadda Gonar Gwaji Ta Zama Jami'ar Ahmadu Bello

Wanda ya hau motar haya daga Kwangila ya nufi hanyar Funtuwa, da zarar ya wuce Palladan da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ba zai jima ba sai ya ga wata katanga ta kama bin gefen titi ta ƙi ƙarewa. Hannu guda garin Samaru ne, da shagunan buga takardu da masu gasa masara da 'yan acaɓa. Ɗaya hannun kuwa, bayan katangar, manyan itatuwa ne da kan wani dogon bene yana leƙowa ta samansu. Yaron mota ba zai ce maka an iso Jami'ar Ahmadu Bello ba. "Men get, akwai mai sauka?" kawai zai ce, ya buga jikin mota. In ka shiga ka ce da ƙafa za ka zaga wurin, to ka ɗaura ɗamarar shan rana, don ƙasar da jami'ar ke riƙe da ita, in an haɗa da gonakinta, ta kai wajen hekta 7,000.

A takarda, ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe ta. Amma wanda ya fara lissafi daga wannan rana ya tsinci labarin ne a tsakiya. Ba a fili fetal aka kafa jami'ar nan ba. Gida ne da aka tarar da ɗakunansa a tsaye, kowane da maginin da ya gina shi da dalilin gina shi, aka zo daga baya aka ja katanga guda aka kewaye su. Har gobe in ka lura za ka ga inda aka yi haɗin.

Ɗakin da ya fi kowanne tsufa gona ce. A 1922 Turawan mulki suka kafa tashar gwajin aikin gona a Samaru. Ba ƙaunar manomin Zazzau ce ta kawo su ba: masaƙun Ingila na bukatar auduga, jirgin ƙasa ya riga ya ratsa Zariya, ƙasar kuma mai kyau ce. Aka yanka filaye ƙanana-ƙanana, ana shuka iri daban-daban ana auna wanda ya fi yabanya. A 1928 aka ƙara da gonar dabbobi a Shika, gaba kaɗan a kan wannan hanya. Waɗannan biyu su ne yau Cibiyar Binciken Aikin Gona da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi, kuma sun girme wa jami'ar da ta haɗiye su da shekara 30 zuwa 40.

Ɗaki na biyu yana can cikin gari, a Kongo, kusa da Tudun Wada da Gyallesu. A 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu, a 1954 ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki. Nan ake kawo ma'aikatan En'e, magatakarda da ma'aji da malaman haraji, har da hakimai, su yi kwas su koma. Da aka shigo da sabuwar dokar hukunta laifuffuka ta Jihar Arewa a jajibirin samun mulkin kai, nan aka riƙa tara alƙalai ana koya musu aiki da ita. Shi ya sa har yau karatun shari'a da na mulki suke Kongo, nesa da Samaru, kuma ɗalibin Kongo yakan ji kansa daban. Da can, kafin komai ya koma intanet, duk wata takarda da ke bukatar sa hannu a babban ofis sai ya nemi kuɗin mota ya ƙetare Zariya tukuna.

Na uku shi ne Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950, mai rassa a Ibadan da Inugu da Zariya. Reshen Zariya ne ya bar wa jami'a gine-ginenta na farko a Samaru, da karatun injiniya da na zanen gine-gine da na zane-zane. Wani abu ya faru a wannan kwaleji da ya kamata a riƙa tunawa. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba su yarda a koya musu zane kamar 'ya'yan Landan ba, alhali kakanninsu na da nasu salon sassaƙa da zanen bango. Sai aka laƙaba musu 'yan tawayen Zariya. Yau ana lissafa su cikin iyayen zanen zamani na Nijeriya. Ke nan tun kafin a raɗa wa jami'ar suna, gardama da malami ta riga ta kama gurbi a Samaru.

Akwai na huɗu a Kano, wata kwaleji da aka buɗe a 1960 don ɗaliban Larabci da addinin Musulunci masu son zurfafa karatu. Da farko sunan Ahmadu Bello aka sa mata. Da jami'a ta ɗauki sunan, sai ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zauna a ƙarƙashin Zariya har ta balaga ta ci gashin kanta a 1977.

Me ya sa Sardauna Ahmadu Bello ya matsa a yi wannan haɗi? Ya duba ne ya ga Turawa na naɗe kaya, kujerunsu za su zama wayam, kuma Arewa ba ta da masu hawa. Tun 1948 akwai kwalejin jami'a a Ibadan, amma 'yan Arewa da ke cikinta ba su taka kara sun karya ba, don makarantun sakandaren da za su tura su ma ƙidayayyu ne. Kwamitin da Sir Eric Ashby ya jagoranta ya miƙa rahotonsa a 1960, ya ba da shawarar a ƙara jami'o'i, guda a Arewa. A wannan shekarar Gabas ta buɗe tata a Nsukka, Yamma kuma na shirin ta Ife. A 1961 majalisar Jihar Arewa ta yi dokar kafa jami'a, aka ɗauko wani farfesan kimiyyar fizis daga Ibadan, Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, aka ba shi shugabanci. Sardauna da kansa ya zama uban jami'a.

Ranar buɗewa tsangayoyi huɗu ne, wato aikin gona da injiniya da shari'a da kimiyya, sassa 15, ɗalibai 426. Cikin waɗannan 426, guda 147 ne kacal 'yan Arewa. Wannan adadi ya cancanci a tsaya a kansa. Jami'ar da aka gina don Arewa, da kuɗin gyaɗa da audugar talakan Arewa, ta buɗe ƙofa 'yan gida da ƙyar suka wuce kashi ɗaya cikin uku. Wajen malamai abin ya fi haka: kusan duk Turawa ne da sauran baƙi, 'yan ƙasa da ake ambata a sahun farko su ne Iya Abubakar a lissafi da Adamu Baikie a fannin ilimi. Da an bi ta masu zafin kai, da an rufe ƙofa an ce sai ɗan gida. Sardauna bai yi haka ba. A jawabinsa na kama aikin uban jami'a a 1963 ya nuna cewa wurin na kowa ne, mace da namiji, ba a duba ƙabila ko addini ko ra'ayin siyasa. Ana iya cewa larura ce ta sa shi, tunda ba shi da ɗaliban da za su cika azuzuwan. Ni dai ina ganin ko larura ce, ita ce ta yi wa jami'ar gata mafi girma. Ɗan Borno ya kwana ɗaki guda da ɗan Ijebu, ɗan Sakkwato ya ci abinci teburi guda da ɗan Kalaba, kuma wannan cuɗanya ta zama halin wurin har bayan da 'yan Arewa suka yi rinjaye.

Jami'ar ba ta cika shekara huɗu ba aka kashe mai ita, ranar 15 ga Janairu 1966. A wannan shekarar Alexander ya sauka, rikici ya ɓarke a garuruwan Arewa, malamai da ɗalibai 'yan Gabas suka tattara suka tafi, ga yaƙin basasa a bakin ƙofa. A wannan yanayi aka miƙa ragama ga Ishaya Audu, likitan yara, Bahaushe Kirista da ya tashi a Wusasa, bai ma kai shekara 40 ba. Shekara tara ya yi, kuma duk wanda zai yi adalci ya san Sardauna ne ya haifi jami'ar amma Ishaya Audu ne ya yi renon.

Babbar dabararsa mai sauƙin faɗa ce. Tunda sakandaren Arewa ba sa fitar da isassun yara masu takardar shiga jami'a kai tsaye, sai jami'a ta buɗe makarantar share fage a cikin gidanta, ta ɗauko su tun daga aji biyar ta ƙarasa musu shiri. Ta wannan ƙofa dubban 'ya'yan manoma da makiyaya da malaman zaure suka shiga, waɗanda da ba don ita ba da aikin akawu ko malanta a firamare ne iyakarsu. A 1967 aka fara karatun likita, aka jingina shi da asibitocin gwamnati na Zariya da Kaduna, da wani a Malumfashi inda ake koya wa ɗalibai aikin karkara. Kwalejojin horon manyan malamai na Zariya da Kano suka shigo ƙarƙashin inuwarta, haka makarantun aikin gona har da ta Kabba. Da ta cika shekara goma, ɗalibanta gaba ɗaya sun haura 7,000.

Wanda ke son karanta tarihin wannan zamani ba sai ya buɗe littafi ba, ya bi allunan ɗakunan kwanan ɗalibai. Amina, sarauniyar Zazzau, ita ke riƙe da gidan mata mafi suna. Ɗanfodiyo ba ya bukatar bayani. Ribaɗu shi ne Muhammadu Ribaɗu, ministan tsaro na jamhuriya ta farko. Alexander, wanda bakin ɗalibai ya gutsure ya mayar Aleks, shi ne shugaban farko. Akenzua kuwa Oba ne na Bini, wanda ya gaji kujerar uban jami'a bayan rasuwar Sardauna. Amma wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne ICSA. Yara da yawa sun kwana a cikinsa shekara huɗu suna zaton sunan wani bawan Allah ne. Ba mutum ba ne. Da Gowon ya raba Jihar Arewa gida shida a 1967, sai aka rasa wanda zai gaji kadarorinta na tarayya, aka kafa wata hukumar riƙon ƙwarya ta kula da su a madadin sababbin jihohin, jami'a na ciki. Harrufan sunan wannan hukuma ne a jikin ginin, an haɗa shi da Ramat, wato Murtala. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'ar gaba ɗaya, kuma a wannan zango aka naɗa Obafemi Awolowo uban jami'a. Mutumin da ya fi kowa ja da Sardauna a siyasa, shi ne ya zo ya sa rigarsa ya zauna a kujerarsa yana raba digiri.

Tsofaffin ɗaliban shekarun 1970 in suka fara ba da labari, yaran yanzu kan ɗauka ƙari ne. Ɗaki mutum biyu, wani lokaci ma ɗaya. Akwai masu shara, akwai inda ake kai wanki a karɓo a goge. Abinci a kafteriya ake ci da tikiti, sau uku a rana, kwano guda kwabo 50, ranar Lahadi kuma da kaza. Jiharka na biyan ka alawus, har wani ya rage ya aika wa iyaye a ƙauye. Kafin ka gama jarrabawar ƙarshe ma'aikatu sun zo suna zawarcinka. Kuɗin man fetur ne ke zuba, kuma an ga wurin da ya shiga. An tare rafin Kubanni aka yi dam, jami'a ta riƙa tace ruwanta da kanta tana turawa famfo. A 1976 aka buɗe sabon ginin ɗakin karatu mai sunan Sir Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa, wanda ya zama cikin mafi girma a ƙasar. Aka yi madaba'a, aka yi filayen wasa, ga babban masallaci ga majami'u, ga unguwannin malamai da aka raba da harrufa, kowane gida da lambunsa da bishiyar mangwaro.

Cikin duk gine-ginen wancan lokaci, wanda na fi so ba siminti ba ne. Ƙauyen wasan kwaikwayo ne, wanda wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, ya tsara a tsakiyar shekarun 1970, magina na gargajiya suka ɗora shi da jar ƙasa. In ka shiga sai ka ji kamar ka faɗa gidan wani mai unguwa: ɗakuna zagaye, fili a tsakiya, bango mai kauri da ke riƙe sanyi da rana tsaka. 'Yan kallo ba sa zama a jere suna kallon dandamali daga nesa, kewaye masu wasa suke yi kamar a dandali. Daga nan malamai irin su Michael Etherton da ɗalibansu suka fara fita da wasa zuwa cikin Samaru da ƙauyukan kewaye, su zauna da mutane su ji abin da ke damunsu, ko taki ne ko rijiya ko rikicin gona, su mayar da shi wasa a yi a gaban masu abin. Irin wannan tunani ne ya sa jami'ar ta ba Ladi Kwali, mai ginin tukwane, digirin girmamawa a 1977, ta kuma ba Mamman Shata a 1988. Babu wanda ya yi boko a cikinsu. Kalmar Dokta da ke gaban sunan Shata daga Samaru ta fito.

Sai kuma sashen tarihi. Wani Bature, H. F. C. Smith, wanda ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, shi ya kafa shi, ya kuma dage cewa tarihin ƙasar Hausa da Borno yana cikin rubuce-rubucen malamanta, ba cikin rahoton Razdan kaɗai ba. Aka bazama gidajen malamai ana neman tsofaffin takardun Larabci da ajami ana ɗaukar hotonsu. A 1970 ya mayar da gidan Sardauna na Kaduna cibiyar adana tarihi, wato Gidan Arewa. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, jikan Sarkin Katsina, ya rubuta tarihin Katsina, sannan ya zama ƙaya a maƙogwaron sarakuna da sojoji da 'yan siyasa baki ɗaya. A zamaninsu tsangayar fasaha da nazarin zamantakewa ta zama kamar kasuwar gardama. Lakca kan ƙare a aji ta ci gaba a gindin bishiya, 'yan gurguzu a nan, 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi a can, kowa da takardar da ya buga da daddare yana rabawa. Ba duka abin da aka faɗa a wancan lokaci ne ya yi tsawon rai ba, wasu ma hayaniya ce kawai. Amma gwamnati na sauraren abin da ake cewa a Samaru, tana kuma jin tsoronsa.

Abin mamaki, ba aƙida ce ta fara jawo jini ba, kwanon abinci ne. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, daga naira 1.50 zuwa naira 2. Ɗaliban ƙasar nan suka tashi suna neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. A Samaru sojoji aka turo, suka buɗe wuta, ɗalibai suka mutu. Iya Abubakar, wanda ke shugabanci a lokacin, ya rasa kujerarsa. Bayan shekara takwas, a 1986, ɗalibai suka yi jerin gwanon tunawa da waɗancan mamata, jerin ya ratsa ta gidan Amina inda aka hana maza shiga, hukuma ta hukunta shugabanninsu, rikici ya tashi tsakaninsu da shugaban jami'a Ango Abdullahi. Ranar 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shigo. Hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Kwamitin da Janar Emmanuel Abisoye ya jagoranta ya ɗora wani kaso na laifin a kan malaman da ya ce suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su koyarwa ba. A 1988 jami'an tsaro suka ɗauke Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa ɗan Jamaika da ya daɗe yana koyarwa a Samaru, suka sa shi a jirgi suka fitar da shi daga ƙasar.

Amma abin da harsashi bai yi ba, talauci ya yi. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin abinci, kafteriya ta mutu. Tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya karya darajar naira, albashin farfesa ya koma abin tausayi. Malamai baƙi, Indiyawa da Turawa da 'yan Gana da sauransu, suka kama hanya, 'yan gida masu dama suka bi bayansu zuwa Amurka da Ingila da ƙasashen Larabawa. Mujallun ilimi da ake aiko wa ɗakin karatu daga waje suka daina zuwa, har ya zama in ka bi kantocin za ka iya gane shekarar da kuɗi suka ƙare, don a nan jerin ya tsaya. Ɗalibai kuwa ba su daina ƙaruwa ba. Ɗakin mutum biyu ya koma na huɗu, na shida, ban da 'yan raɓe da ba su cikin rajista. Risho da tukunya suka shigo ɗakin kwana, wake ya zama sarki. Mata masu tuwo da shinkafa suka kafa rumfuna suka gaji aikin kafteriya. Dam ɗin Kubanni ya yi ta cika da yashi da laka, bokiti ya zama cikin kayan da uwa ke fara saya wa ɗanta in ya sami gurbi. Wanda ya taɓa bin layin famfo da asuba a Samaru cikin hunturu, lokacin da iska ke yanka kunne, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Rigingimun cikin gida, na ƙabila da addini da neman kujera, suka yi tsanani har a 1995 gwamnatin Abacha ta turo soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya zama kantoma. Jami'ar da ta yi suna wajen yi wa soja tsaurin ido, ga ta a hannun janar. Har yau ba a daidaita a kansa ba. Wasu na tuna ma'aikatan da aka sallama da bakin da aka rufe, wasu na tuna cewa tsohon ministan ayyuka ne, ya gyara tituna da gine-ginen da suka lalace, ya dawo da doka. Akwai dandali mai sunansa a harabar, kuma masu zaginsa da masu yabonsa duk a nan suke zama shan iska. A 1998 ya tafi, aka koma hannun malamai.

Daga nan abubuwa suka riƙa dawowa, ba a tare ba, ba kuma daidai wa daida ba. A 2004 aka kunna tukunyar nukiliya ta bincike a cibiyar makamashi ta jami'ar, ƙarama ce mai ƙarfin kilowat 30, ƙirar ƙasar Sin, kuma ita ce ta farko a Nijeriya. Ba wutar lantarki take bayarwa ba, gwaje-gwaje ake yi da ita, a gano sinadaran da ke cikin ƙasa ko dutse ko abinci. Ɗalibai da yawa sun gama sun tafi ba su san tana nan ba. A 2005 asibitin koyarwa ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika, bayan ginin ya shafe shekaru yana jiran a ƙarasa shi, yanzu kuma marasa lafiya daga jihohi da dama can suke nufa. Asusun harajin ilimi, wanda yajin aikin malamai na 1992 ya haifar, ya zuba sababbin azuzuwa da ɗakunan gwaji. Aka buɗe sabon fegi a bayan tsohuwar haraba, inda Aliko Ɗangote ya gina wa ɗalibai gidajen kwana aka buɗe a 2019.

Duk da haka gado bai isa ba, kuma da wuya ya isa. Ɗalibai sun haura 40,000, masu samun wurin kwana a ciki ba su kai rabi ba. Sauran suna Samaru da Ɗanraka da Hayin Dogo da Zango da Palladan, suna haya. Ta haka garin ya zama rabin jami'ar da ba a rubuta a taswira ba. Mai ɗakin haya, mai shayi, mai ɗinki, mai wankin kaya, mai buga takardun kammala karatu ya yi musu bango, mai cajin waya, duk kalandar jami'a suke bi. Da malamai suka shiga yajin aiki na wata takwas a 2022, ba ɗalibai kaɗai suka ji a jikinsu ba. Shaguna sun rufe, 'yan acaɓa sun sauya gari, masu abinci sun kife tukwane.

In jarrabawa ta matso, ka shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da hantsi ka gani. Kujera ba ta samuwa. Wani ya ajiye littafi da hula ya kama wuri ya tafi salla, wata ta kifa kai a kan takardu barci ya sace ta, wasu sun yi cincirindo a jikin bango inda soket yake, don yanzu rabin karatun a waya da kwamfuta yake. Da dare a koma manyan azuzuwa a kwana ana bita, in wuta ta ɗauke a kunna fitilar waya a ci gaba. Daga irin waɗannan kujeru Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fito, da Atiku Abubakar da Namadi Sambo da Sanusi Lamido Sanusi, da gwamnoni da alƙalai da ba su lissafuwa. Masu yabon jami'ar na son jera waɗannan sunaye. Ni nakan ce a riƙa haɗawa da malamin sakandare a Gumel da likitan dabbobi a Mubi da injiniyan ruwa a Kontagora, don su ne mutanen da Sardauna ya rasa a 1962.

Gonar nan ta 1922 kuwa tana nan tana aikinta. Duk irin da cibiyar ta fitar, da harrufan farko na Samaru sunansa ke farawa: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMCOT na auduga, SAMPEA na wake. A 2019 ta fitar da SAMPEA 20-T, waken da aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure wa tsutsar da ke huda kwanso, abin da ya jawo muhawara tsakanin masu murna da raguwar feshi da masu ɗar-ɗar da irin da aka taɓa wa asali. Da kaka, in ka bi ta bayan ofisoshin cibiyar, za ka tarar da filayen a yanke ƙanana-ƙanana kamar yadda aka faro, kowane da turke da lamba a jikinsa. Leburori na yankan dawa suna ɗaurewa dami-dami, ba a haɗa na wannan fegi da na wancan, wani ma'aikaci kuma na tsaye da sikeli da littafi yana rubuta nauyin kowane.